Jan Ɗigon Kawu da Ƙaryar da Na Yi Masa

Daga Allah muke, kuma can za a tattara mu. Ranar Lahadi da hantsi Kawu ya riga mu gidan gaskiya, yayan mahaifiyata, wanda ya riƙe ni tun ina rarrafe har furfura ta fara leƙo min gemu.

Duk wanda ya san ni a Tudun Wada ya san ba a raba ni da surutu. Ni ne mutumin da in ya ga kaji uku zai rantse kasuwar kaji ce ta tashi ta biyo shi. Shi ya sa Kawu ya raɗa min Mai Gishiri, sunan kuma ya bi ni har 'ya'yana sun ɗauka da shi aka yanka min rago. To a zaman makokin nan bakina mutuwa ya yi murus. Mutane suna ta cewa, "Allah sarki, rasuwar ta doke shi." Ta doke ni kam. Amma a ƙarƙashin baƙin cikin akwai wani abu da yake cina duk sanda wani ya buɗe baki zai yabi mamacin. Tsoro ne. In na ɓoye shi, ban ba ku Kawu cikakke ba.

Cikin waɗanda suka fara zuwa har da wani dattijo mai ɗingishi, tsohon ɗan acaɓa daga Gyallesu. Ya zauna gefen tabarma, ya miƙe ƙafar da ba ta lanƙwasuwa, ya yi addu'a, sannan ya sa haɓar riga ya rufe fuska. Bayansa sai ga mutanen filin Asabar, wato abokan wasan motar Kawu: malaman makaranta, wani tela, wani mai walda, ma'aikata masu tumbi. Kowa ya gama "Allah ya jiƙansa" sai ya ɗora da magana ɗaya, kamar sun haɗa baki.

"Jan ɗigon Baba bai taɓa ƙarya ba."

"Wallahi kuwa. In ka ga ɗigon nan, rufe ido ka saka."

Ni kuwa ina gefe ina amsa "amin" da muryar da ni kaina ban gane ta ba, gumi yana bin bayana kamar an tara min famfo. Domin ni kaɗai na san akwai jan ɗigo guda ɗaya a garin nan da yake ƙarya, kuma hannuna ne ya ɗiga shi.

Bari in yi wa wanda bai san Kawu ba bayani.

Gyaran rediyo da talabijin ya yi duk ƙuruciyarsa. Da waya ta zo ta cinye sana'ar, sai ya koma wa motocin rimot. Ba irin na leda da ake saya wa yara da Sallah ba. Manya, wata kamar kyanwa, wata ta kai ɗan akuya, masu gudun da keke napep zai ga ƙurarsu ya yi salati. A cikin kowace akwai wani ɗan abu da bai fi ɗan yatsa ba, ana ce masa regileta. Ƙarfin batir ya fi ƙarfin risiba, wato kunnen da mota take jin umarnin rimot da shi, don haka regileta ne yake tsayawa tsakani ya rage wutar zuwa bolt biyar. In ya saki, wutar batir gaba ɗaya ta wuce, risiba ta ƙone, mota ta kurumce. In kuwa ta kurumce tana cikin gudu, to sai abin da ya tare ta.

Masu tsada sun fi ƙarfin yawancinmu. Masu araha kuwa a leda suke zuwa, dozin-dozin, ba suna ba asali. Su Kawu yake saye ya gwada ya raba wa mutanen fili.

"An ce araha ba ta ado," in ji shi. "To ni ado na ce ina nema? Biyar nake nema."

Ga yadda yake yi. Ya haɗa regileta da batir, ya ɗaura masa ƙwan fitilar mota don ya ja wuta, ya maƙala mita mai auna ƙarfin wuta. Sannan ya ɗauki carbinsa mai ɗari. Zagaye biyar yake ja, idonsa a kan lambobin mita. In ya kai ƙarshe lamba ba ta gusa daga biyar ba, sai ya ɗauki abin ya ɗora a leɓensa na ƙasa, ya ji zafinsa. In ya gamsu, ya buɗe kwalbar jan farcen da ya ƙwace wa Inna, matarsa, ya ɗiga masa ja ɗaya a baya, ya jefa a gwangwanin madara. Wanda ya faɗi kuwa guduma ce rabonsa, a take, don kada wani ya tsinta a bola.

Na taɓa ce masa, "Kawu, ai tun zagayen farko ya nuna biyar."

"Kowa mutumin kirki ne kafin a ɗora masa kaya," ya ce. "Bari ya yi gumi mu ga halinsa."

Yana da wata doka kuma da ta fi ba ni haushi: in ɗaya ya yi ƙarya a cikin leda, sai an sake gwada 'yan'uwansa duka daga farko, ko da sun riga sun sami ɗigo. Wai gida ɗaya suka fito.

Ba haka kawai ya tashi da wannan tsanani ba. Shekarun baya, tun bai fara gwaji ba, motarsa ce ta kurumce a filin bayan firamare. Ina wurin. Ta miƙe kamar an aiko ta, Kawu yana murɗa rimot yana kiran sunan Allah, ta tsallake kwata ta faɗa titi. Wani ɗan acaɓa ya kauce mata ya daki bakin kwalbati. Ƙarar karayar ƙafar nan har yau tana kunnena, kuma wannan karon ban ƙara gishiri ba. Shi ne dattijon nan mai ɗingishi. Kawu ya kai shi wurin mai ɗori, ya yi watanni yana kai wa iyalinsa cefane a kan kekensa, bai taɓa bari wani ya riƙe masa ledar ba. Daga baya suka zama aminai. Amma tun daga ranar, in mota ta doshi bakin titi sai ka ga Kawu ya miƙe tsaye.

Rigimarsa da surukinsa, mijin babbar 'yarsa da ke Hanwa, ita ma a kan haka ce. Surukin yana da mota mafi girma a fili, muna ce mata Bijimi. Ya sayo regileta mai tsada a kwali mai sheƙi, Kawu ya miƙa hannu.

"Baba, wannan fa ba irin na leda ba ne."

"To, kwalin ne zai riƙe wutar?"

Suruki ya ji kunya a gaban mutane, ya ƙi bayarwa. Kawu bai ɗaga murya ba. Ya dai je ya zauna a kan kujerarsa a tsakiyar fili, daidai inda motoci suke bi, ya ce in Bijimi zai fita sai dai ta kansa. Asabar uku ana haka, har 'yarsa ta zo tana kuka tana cewa an mayar da aurenta wasan yara. Ranar da suruki ya sallama aka gwada, abin ya riƙe biyar cif. Muka zuba ido mu ga yadda Kawu zai ji kunya. Sai ya ɗiga masa ja ya ce, "Madalla. Da ɗin zato kake yi, yanzu ka sani." Ya tashi da kujerarsa.

A shekarar ƙarshe ciwon suga ya ci idonsa. Hannu yana nan, leɓe yana nan, carbi yana nan, amma lambobin mita sun zama hazo. Sai ya sa aka kira ni.

"Mai Gishiri, kai za ka zama idona."

"Ni, Kawu? Duk garin nan ba ka ga mai gaskiya ba sai ni?"

"Masu gaskiya suna wurin aiki. Kai ne kullum a gindin bishiya. Abu ɗaya na roƙe ka: mita ba ta son gishiri. Abin da ka gani shi za ka faɗa."

Haka muka yi watanni. Duk zagayen carbi ya ce "Nawa?" in ce "Biyar." Ni nake ɗiga jan, ni nake jefawa a gwangwani. Ina yi ina mita, ina cewa ƙuguna ya ƙage, na tsufa a kan benci, jikokina za su zo su same ni ina cewa biyar. Shi kuwa yana murmushi yana jan carbinsa.

Sai ranar Talatar nan, kwana goma sha biyu kafin rasuwarsa. Sabuwar leda, guda goma sha biyu. A ranar akwai walimar wani abokina a Gyallesu, an ce an yanka kajin da in aka jera su za su kai Kano. Mun fara gwaji tun hantsi. Sha ɗaya suka wuce lafiya. Muka ɗora na ƙarshe, cikina yana kiran ciroma, an kira ni a waya sau uku wai an fara zuba abinci.

Zagaye na ɗaya, biyar. Na biyu, biyar. Na uku, biyar. A tsakiyar na huɗu lambar ta yi tsalle: takwas da ɗoriya. Ƙwan fitilar ya yi wani fau. Kafin in haɗiye yawu ta dawo biyar, ta zauna kamar ba ita ba.

"Nawa?" in ji Kawu.

Na tuna dokar 'yan gida ɗaya. Goma sha ɗaya daga farko, zagaye biyar-biyar. Na tuna kaji.

"Biyar, Kawu! Biyar tas, kamar an zana!"

Ya ƙarasa carbinsa. Ya karɓi abin ya ɗora a leɓe, ya ɗan jujjuya shi a hannu. Ni idona yana ƙofa. Ya miƙo min ya ce, "Ɗiga masa." Na ɗiga, na jefa a gwangwani, na fice kamar an koro ni.

Wallahi kazar nan ba ta yi min daɗi ba. Na ce gobe zan koma in faɗa masa. Gobe ta zama jibi. Ranar Juma'a jikinsa ya rikice aka kai shi asibiti. Da na leƙa ɗakin aikinsa na tarar da gwangwani wayam. Inna ta ce ai mutanen fili sun zo ranar Alhamis ya rarraba musu. A asibiti na zauna kusa da gadonsa sau biyar ko shida, maganar tana bakina. Kullum sai in ce bari ya ɗan ji sauƙi. Bai ji ba.

Yanzu kun gane abin da ke cina a kan tabarma.

Ranar addu'ar uku suruki ya yi gyaran murya ya ce, "Asabar ɗin nan kada mu bar filin Baba fayau. Kowa ya fito da motarsa bayan azahar, da iyalinsa, mu yi zagaye ɗaya mu yi masa addu'a. Na ma saka wa Bijimi sabon da ya ba ni da hannunsa."

Duniya ta juya min. Na hango Bijimi ya kurumce. Na hango jikokin Kawu a jere a bakin fili, na hango titi, na ji ƙarar nan ta bakin kwalbati. Na kuma hango abin da za a ce bayan haka: ashe dai tsufa ya kama Baba, jan ɗigon ƙarshe ya ci mutum. Shi yana kabari ba bakin kare kansa.

Na miƙe.

"Jama'a, kada kowa ya kunna mota. A cikin na ƙarshen nan akwai guda marar kyau. Na ga takwas na ce masa biyar. Ni na yi ƙarya."

Sai tela ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna rawa. Dariya yake dannewa! Suruki ya haɗe rai.

"Haba Mai Gishiri. Ko a zaman makoki ba za ka ajiye barkwanci ba? Mutumin da ya riƙe ka?"

"Wallahi tallahi da gaske nake!"

"Ranar da ka ce ka ga kada a kwatar gidanku ma wallahi ka ce," in ji mai walda.

Shekara hamsin ina zuba ƙarya ana saye, ranar da na kawo gaskiya kyauta aka rasa mai karɓa. Na bi su gida-gida ranar Laraba da Alhamis. Wani ya ce in je in huta, rasuwa ce ta taɓa ni. Wani ya ba ni ruwan sanyi. Abinci ya ƙi shiga. In na ji ƙarar babur a lungu sai gabana ya faɗi, har uwargidana ta fara tambaya ko a nemo min rubutu.

Ranar Asabar tun azahar na shiga ɗakin aikin Kawu. Na ɗauki mita, batir, ƙwan fitila, carbi, da kujerarsa. Na je na dasa ta a tsakiyar fili, daidai inda ya dasa ta wancan karon. Da suka iso da motocinsu da matansu da 'ya'yansu suka tarar da ni zaune.

"Sai dai ta kaina," na ce. Muryata ba ta yi kama da tasa ba ko kaɗan.

Suruki ya buɗe baki zai yi faɗa, sai dattijon nan mai ɗingishi ya ratso mutane. Ya zo ya tsaya kusa da kujerar, ya dafa kafaɗata, ya ɗage ƙafar wandonsa har gwiwa. Kowa ya ga tabon.

"Ni ban san ko ƙarya yake ko gaskiya ba," ya ce. "Amma na san nawa ne kuɗin rashin gwadawa. Ga shi nan. Ku kwance."

Aka durƙusa aka fara kwance motoci. Na ce tela ya tsaya a kaina ya riƙa karanta mita da ƙarfi, tunda ni an daina saye a shagona. Na fara da na Bijimi. Ina jan carbi yatsuna suna zamewa don gumi. Biyar. Biyar. Har zagaye biyar, biyar. Na gaba ma haka. Muka yi la'asar a gefen fili muka dawo muka ci gaba. Yara suka gaji suka koma wasan ƙasa. Rana ta yi ja.

Duka suka riƙe biyar.

"Ka gani ko?" in ji mai walda. "Gishiri!"

Aka yi dariya, har da masu share hawaye. Ni kuwa na jera su a kan cinyata na ƙirga. Na sake ƙirgawa. Goma sha ɗaya.

"Saura ɗaya. Wa bai zo ba? Wa ya ba wani?"

Kowa ya ce iya nasa ke nan. Wannan ya fi na farko tayar min da hankali. Da ɗin na san yana cikin fili. Yanzu yana ko'ina: a Hanwa, a Samaru, a hannun wani baƙo da ya ji labarin jan ɗigo ya yarda da shi. Suka yi zagayensu kafin magariba, motoci suna tafe a hankali kamar masu rakiyar gawa, ni ban ma ga komai ba.

Washegari da safe na tafi wurin Inna. Tana takaba, tana zaune cikin ɗaki a kan darduma, na durƙusa daga bakin ƙofa. Na gaishe ta, na yi mata ya haƙuri, sannan na kwashe komai na faɗa mata, har kajin. Na ce ta tuna min duk wanda ya shigo gidan ranar Alhamis ɗin nan, ko almajiri ne zan nemo shi.

Ta ɗaga gefen katifa ta ciro wani ƙullin hankici, ta turo min shi ta ƙasan labule.

Na kwance. Ga shi nan, da jan ɗigona a bayansa. A jikin jar wayarsa an yi wani ɗan ƙulli, irin wanda mutum zai yi da yatsu biyu yana jujjuya abu a hannu.

"Kana fita ya lalubo shi ya cire," in ji Inna. "Sauran kuma ya sa na zauna na karanta masa su daga farko, ni da ban san komai ba sai da ya nuna min yadda biyar take. Har tuwona ya ƙone."

"Inna, ta yaya ya sani? Ai ba ya gani."

"Ya ce wata takwas kana ce masa biyar kamar ana cire maka haƙori. Ranar nan kaɗai ka faɗe ta da daɗi."

Na rasa inda zan sa fuskata.

"Me ya sa bai yi min faɗa ba? Me ya sa ya bar ni na ɗiga?"

"Na tambaye shi. Ya ce kai ma ya ɗora ka a kan gwaji, yana jan carbi, bai kai ƙarshe ba tukuna. Ya ce in ka zo nema da ƙafarka in ba ka, in haɗa maka da mitar. In kuwa har na fita takaba ba ka zo ba, in ba surukinsa mitar, wannan kuma in jefa a masai, kada in taɓa gaya maka."

Sannan ta ce, "A asibiti kullum ka fita sai ya tambaye ni, bai ce miki komai ba? In ce bai ce ba. Sai ya ce, to, da saura."

Nan na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Sau shida ina zaune kusa da shi, yana jira.

Mitar tana wurina yanzu. Ranar Asabar nakan kai kujerar gefen fili, duk mai sabuwar leda ya kawo. Zagaye biyar, ba ragi, kuma sai wani ya tsaya ya karanta tare da ni. Jan farcen na mayar wa Inna. Shuɗi nake ɗigawa, don ja na mai shi ne. Har gobe in lamba ta ɗan motsa sai numfashina ya ɗauke.

Na ƙullin nan kuwa ban sa masa guduma ba, ko da yake dokar Kawu ke nan. Na yanke wayoyinsa don kada ya ƙara shiga motar kowa, na rataye shi a jikin mitar, inda idona zai riƙa faɗawa kansa kafin in buɗe baki.

Ya Allah, bawanKa ya zo maKa. Ya tsare ƙafafun mutane a titi gwargwadon ikonsa, ya rufa asirin wanda ya yi masa ƙarya. Ka rufa nasa, Ka haskaka kabarinsa, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Ka ba Inna haƙuri. Mu kuma da muke kan gwaji ba mu san zagaye na nawa ake ba, Ka sa mu riƙe har ƙarshe. Wanda ya karanta wannan, don Allah ya yi wa Kawu Ƙulhuwallahu, ya kuma roƙa min Allah ya isar masa da abin da na kasa faɗa a bakin gadonsa: takwas na gani, Kawu.